Wanda Ya Faɗi a Gindin Tanki

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A takarda Eusebio Tarango, amma duk garinmu na Pecos Chevo ake ce masa. Ni na rene shi, don haka kada wani ɗan ofis ya zo yana karanta mini halinsa daga takarda.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a soja, sau biyu ana kai shi Iraƙi. A can ma direba ne, manyan motocin kaya yake ja cikin ayari. Ya dawo da ƙafa biyu da hannu biyu, mutane suka ce mu gode wa Allah, mun kuwa gode. Amma shekara biyu cur ya yi a ɗakin bayan gidana, labule a sake, ba fita ba magana. Matarsa ta gaji ta koma El Paso, ban ga laifinta ba. In na ajiye masa abinci da safe, sai in dawo aiki in tarar wake ya bushe a faranti. Bindigarsa ni na ɗauke na kai gidan kawunmu Lalo, ban nemi izinin kowa ba.

Mota ce ta fito da shi daga ɗakin nan. Ina da shagon wanki a bakin titi, kayan 'yan rijiyar mai nake wankewa. Wata rana wani kamfanin motocin tanki ya manna mini takarda a ƙofa, wai suna neman direbobi, kuma tsofaffin sojoji su ne a gaba. Har da hoton tuta da gaggafa. Na ɓamɓare na tura masa ta ƙarƙashin ƙofa. Mako shida ya yi yana koyo, ya samu lasin babbar mota, likita ya sa hannu a katin lafiya, wanda in babu shi lasin nan banza ne. Ranar da ya karɓo katin ya aske gemu, ya zauna ya cinye gurasar tortilla shida. Ni dai na sani a raina, motar nan ce ke riƙe da shi. Ranar da aka raba su, ɗakin baya yana nan yana jira.

Ba mai yake ɗauka ba, ruwa ne, ruwan gishiri mai datti da ke fitowa tare da mai. A tara shi a tankuna kusa da rijiya, direba ya zo ya jona tiyo ya zuƙe, ya kai inda ake mayar da shi ƙarƙashin ƙasa. Awa goma sha biyu a rana, kan hanyar da ramukanta ke karya ƙugu.

Wanda aka haɗa shi da shi don ya koya masa hanya shi ne Doyle Stovall, wani tsoho ɗan shekara sittin da uku, kullum da taba a kunci da gwangwanin tofi a gefen giyar mota. Shi ya laƙaba masa Saje. A makon farko, duk ledar da Chevo ya gani a gefen titi sai ya kauce mata har motar ta yi tangaɗi, don a can inda ya fito, a cikin irin su ake ɓoye bam. Doyle ya bar shi ya yi sau uku, sannan ya tofa ya ce, "Saje, leda ce. Mu nan ledojinmu ba sa fashewa, sai dai su kashe shanu." Chevo ya ce masa da shi da motarsa sa'o'in juna ne, kuma duk su biyun yoyo suke yi. Tun daga nan suka shaƙu. Na ji dariyar ƙanena a shagona, abin da na manta yadda sautinsa yake.

Abu ɗaya ne Doyle ba ya wasa da shi, tsami. Haka muke kiran iskar gubar da ke fitowa daga wasu rijiyoyin. In kaɗan ce, warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi, ni kullum a kayan wanki nake shan sa. In ta yi yawa, hancin take fara kashewa, ba ka jin komai, shaƙa ɗaya ko biyu ka zube. Ta fi iska nauyi, don haka ƙasa-ƙasa take kwanciya kamar ruwa a kwano. Kowane direba yana da 'yar ƙararrawa maƙale a wuyan riga, kowace rijiya kuma tana da sanda da aka ɗaura wa ƙyalle ruwan lemo mai kama da safa a samanta, wanda ke nuna inda iska ta dosa. Dokar ita ce: ƙararrawa ta yi kuka, ka dubi safa, ka gudu ta inda iska ke fitowa. Wanda ya faɗi kuwa, ba a komawa ɗaukarsa, domin mai komawa shi ne gawa ta biyu.

Doyle kullum sai ya sa shi ya maimaita. Na ji da kunnena ranar da suka zo karɓar kaya.

"In ka ga na faɗi, me za ka yi?"

"In dubi safa."

"Sannan?"

"In matsa, in buga waya."

"Sannan fa, Saje?"

"In bar ka, tsoho."

"Yauwa. Kamfani fure ɗaya yake aikawa, kada ka sa su wahalar sayen biyu."

Suka yi dariya, ni ban yi ba. Na ga yadda muƙamuƙinsa ya ɗaure a kan "in bar ka". Shekara goma sha ɗaya ana cusa masa a kai da ƙashi cewa ba a barin wanda ya faɗi, ko da wuta ake zubawa. 'Yan kamfani kuma a safiya guda suka nuna masa hoton bidiyo, ya amsa tambaya goma, suka ce ai sun koyar. Wa suke yaudara?

Wata huɗu da ba Chevo tasa motar, cikin Agusta, aka tura su rijiya ɗaya ta wajen Orla. Ƙarfe biyu na rana, ba ko ɗigon iska, safar nan ta rataye kamar jiƙaƙƙen tsumma. Tankunan suna cikin wata 'yar ganuwar ƙasa da ake yi don tare abin da ya malala. Doyle ya tsallaka ciki ya jona tiyo, Chevo yana gefen motarsa yana jiran layi. Sai ƙararrawar Doyle ta fara kuka. Ya ga tsohon ya durƙusa, sannan ya kife da fuska.

Ya rantse mini ya dubi safar. Ba ta gaya masa komai ba. Bayan nan, in ji shi, bai yi tunani ba, ƙafafunsa ne suka tafi. Ya riƙe numfashi, ya tsallaka ganuwar, ya cafki Doyle ta wuyan riga yana ja da baya kamar yadda aka koya masa a soja. Doyle ba ƙaramin mutum ba ne. Saura taku biyu ƙirjinsa ya ƙi, ya shaƙa. Da sauran ƙarfinsa ya jawo shi kan ganuwar suka gangara waje tare. A nan wani direba da ya iso daga baya ya tarar da su.

Doyle kwana uku ya yi a asibiti a Odessa, ya cika. Chevo ya farka a kwana na biyu, amma sau biyu jijjiga tana kama shi a gabana, idonsa ya kaɗa, kumfa a baki. Hancinsa kuma ya mutu, har yau ba ya jin ƙamshi ko wari.

A kwana na huɗu mai kula da kariya na kamfanin ya zo, takalminsa fes, ko ƙura bai taɓa gani ba. Ya fara da gode wa Chevo kan hidimar da ya yi wa ƙasa, sannan ya miƙo takarda mai cewa ya karya doka, ya jefa kansa cikin haɗari da gangan, an sallame shi. Na tambaye shi, da suka manna tuta da gaggafa a ƙofata suna neman sojoji, me suke zaton soja yake yi in abokinsa ya faɗi? Na tambaye shi kuma me ya sa abin rufe fuska mai tulun iska yake kulle a ofishinsu, tafiyar awa guda daga rijiyar. Ya ce ba huruminsa ba ne. Na ce to ɗakin nan ma ba huruminsa ba ne, ga ƙofa.

Sallamar ba ta dami Chevo ba, kamfanoni sun fi motoci yawa a nan. Katin ne. Likitan mutum ne mai kirki, ya zaunar da shi ya ce wanda jijjiga ta kama ba zai sa masa hannu ya ja tanki a titi ba, sai an yi shekaru babu ita, watakila ma shi ke nan. Chevo ya tambaya ko da 'yar gajeriyar hanya ce. Likita ya girgiza kai. A mota muna dawowa ya ce da ni, "Yaya, na dubi safar fa." Na ce na sani.

Lurleen, matar Doyle, ta zo shagona bayan jana'iza. Ta ce albarkacinsa ta samu kwana uku tana riƙe da hannun mijinta yana da ɗumi. Chevo ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya ce in bar shi."

Ta ce, "Shekara arba'in yana ba da umarni a gidana, ɗana, ba wanda ya taɓa bi."

Ɗakin baya kuwa, kafin a sallamo Chevo daga asibiti na cire ƙofar na cika shi da buhunan sabulu. A falo yake kwana, da safe in tasa shi gaba zuwa shago. Shi ke ware kayan da suka fi wari, tunda ba ya ji. Yana aikin a bakin taga, fuskarsa ga titi, duk tankar da ta wuce sai hannunsa ya tsaya har ta ɓace.

Makon jiya Kawu Lalo ya kira ni. Ya ce Chevo ya je gidansa a ƙafa, ya gaishe shi, ya sha kofi, sannan ya tambaya ina aka ajiye bindigarsa. Kawu ya ce masa sai ya duba, shi ne yake tambayata me zai gaya wa Chevo in ya koma. Na ce ya ce ta ɓace. Gobe zan rufe shago da rana in je in ɗauko ta da kaina, ban dai san inda zan kai ta ba tukuna.