Ngo Firisila da Takardar Koren Gini

Sunana Badruddeen, kafinta ne ni, rufi nake yi. Na fi shekara ashirin ina ɗora katako a kan bangon mutane a garin Jos, kuma a wurin aiki na san Ngo Firisila Badung, Ngo ɗin kuwa da harshensu Mama ake nufi. Abin da aka yi mata bara har yau yana cina, shi ya sa nake son in faɗe shi yadda ya faru, tunda ina wurin.

Mahaifinta leburan kuza ne a bayan Rayfield. Makarantarta ta tsaya a aji huɗu na firamare. Ta auri wani birkila mai suna Badung, suka kama ɗaki a Gada Biyu, ya yi jinyar wata uku ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Sati biyu bayan an binne shi ta ɗauki gammo ta tafi inda ake zuba dekin, wato rufin kankare na bene. Duk wanda ya zauna a Jos ya san matan nan masu hawa katako da kwanon kankare a ka tun safe har la'asar, siminti ya cinye musu tafin hannu. Shekara shida tana cikinsu.

A bayan ɗakinta akwai wani tsohon injin matsa bulo na hannu, wanda mijinta ya saya a gwanjo bai taɓa amfani da shi sosai ba. Wata rana ta goge tsatsar, ta sa masa baƙin mai, ta fara gwada jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan. Ba wanda ya koya mata. Damina biyu tana matsa bulo ruwa yana cinyewa, tana sake wurin ɗibar ƙasa. A haka ta gano dabararta: ta zuba ƙasa a kwalba, ta cika da ruwa, ta girgiza, ta ajiye. Idan ta kwanta sai yashi ya zauna a ƙasa, yumɓu ya hau sama, ita kuma ta auna da yatsa ta san ko ƙasar za ta yi. Wani lokacin ma ɗan gutsure take yi ta tauna. Bulon da ta matsa sai ya yi sati uku a ƙarƙashin leda ana yayyafa masa ruwa safe da yamma kafin ta yarda a taɓa shi. Ko kuka kake yi ba za ta ba ka na sati biyu ba.

Gidanta ne aikin farko da na yi mata. Ta tsaya a kaina sai da na fitar da bakin rufin sosai, yadda ruwan sama ba zai riƙa dukan bango ba. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai matar birkila ta koma gidan laka. Da sanyin Disamba ya sauka, su suna kwana da rigar sanyi a cikin bulon siminti, ɗakinta kuwa ɗumi. Da zafin Maris ya zo, in ka shiga ɗakin kamar ka shiga inuwar mangwaro. A hankali masu dariyar suka fara aiko 'yan uwansu. Ta ɗauko mata tara daga wurin zuba dekin ta koya musu aikin. Ni kaina ɗakin mahaifiyata da bulonta aka yi shi.

Shekaru biyu da suka wuce ƙungiyar ƙwararrun masu harkar gini ta wannan yanki, wato masu zane da injiniyoyi, ta kawo wani sabon abu da suke kira koren gini. Ba fenti ake nufi ba. Gini ne da ba ya cin siminti da wuta da ruwa da yawa, ana duba shi a ba shi maki, in ya ci a manna masa allon shaida. Suka ce za su gina zauren horo a Rayfield ya zama abin misali, sannan su fara kwas suna ba da takardar shaida. Wadda ta zana zauren, Abigel Datong, ta san Ngo tun tana yarinya, ita ta kira ta ta yi bulo, ni kuma aka ba ni rufi. Mai duba aikin kuma malamin kwas ɗin wani injiniya ne daga Abuja, sunansa Valentine.

Rigima ta fara ranar farko. Valentine ya ce dole a yi bulon da ƙasar filin, domin akwai maki na musamman idan ba a ɗauko kaya daga nesa ba. Ngo ta duƙa ta damƙi ƙasar, ta murza, ta watsar.

"Oga, wannan ba ƙasa ba ne," ta ce. "Wankin kuza ne. An wanke shi tun zamanin babana an zubar a nan. Ba zai kama ba."

Abigel ta fassara masa. Ya yi murmushi irin na wanda yaro ya ba shi shawara, ya buɗe jaka ya fito da takarda, ya ce an kai ƙasar ɗakin gwaji kuma ta ci.

"Daga ina aka ɗebi wanda aka kai?" in ji Ngo.

Aka nuna mata bakin get.

"Can ɗin ƙasar Allah ne. Nan da za ku haƙa, juji ne."

Ya ce wa Abigel da Turanci ba shi da lokacin gardama da mai buga bulo. Ngo ba ta iya mayar da Turanci amma tana jin sa sarai. Ta matsa bulo ashirin da ƙasarsa, ashirin da ƙasar wani tudu da ke bayan filin, ta ba su sati ukunsu daidai, sannan ta jera su a fili ruwan Yuli ya sauka a kansu. Kwana biyar nasa suka zube kamar an jiƙa ƙuli-ƙuli. Nata ko gefe bai ɓare ba. Valentine ya zagaya su sau biyu, ya ɗauki hotuna, ya sa ta maimaita gwajin kwalba yana ɗauka da waya. Bai ce ta yi gaskiya ba, bai ce sannu ba. Sai dai washegari tifa ta fara kawo ƙasar tudun.

Wata huɗu ita da matanta suna aikin. Zauren ya tashi ja jawur, ba filasta, ba fenti, kuma ya ci makin da suke so.

Ana dab da buɗewa muka ji cewa ƙungiya za ta fitar da jerin sunaye. Duk ginin da ke neman allon koren gini, daga hannun waɗanda ke cikin jerin kawai zai sayi bulo, kuma ba ka shiga jerin sai kana da takardar kwas ɗin. Ngo ta ce to ai sai ta yi kwas. Na raka ta ofishinsu. Sakataren ya miƙe ya gaishe ta da harshensu, ya ba ta kujera, sannan ya karanta mana sharuɗɗa: difloma ko digiri a fannin gini, adireshin imel, jarrabawa da Turanci a kwamfuta.

"Ɗana, ni na yi bulon ɗakin da za ku zauna ku yi karatun," ta ce.

"Na sani, Ngo. Wallahi na sani. Amma tsarin daga sama ya zo."

"Wane saman? Ba ku ne ƙungiyar ba?"

Ya sunkuyar da kai yana gyara takardu. A ƙarshe ya ce akwai hanyar da za ta shiga: ranar buɗewa ana son ta kawo injinta da matanta su nuna wa baƙi yadda ake matsa bulo, kuma in da hali su yi shigar gargajiya saboda hoto.

Ni da na ji haka na ce mu tashi mu tafi. Ita ta ce za ta je. Na ɗauka ta haƙura ne.

Ranar aka kafa musu rumfa a waje kusa da inda ake ajiye motoci. Ba su yi shigar gargajiya ba, da kayan aikinsu suka zo. A ciki mutum kusan sittin a zaune da kwat da manyan riguna, Valentine yana bayani da majigi. Ina tsaye a bakin taga ina duba wani kwanon rufi da nake zargin yana yoyo, sai na ga kwalbarta a jikin allo. Hannunta ne riƙe da ita, na san tabon da ke babban yatsanta. An yanke hoton daga wuya, ba fuska. A ƙasa an rubuta cewa hanya ce mai sauƙi ta gwajin ƙasa wadda tawagar aikin ta samar. Hoto na gaba bulo arba'in ɗin nan ne a cikin ruwa, Valentine yana cewa da suka lura ƙasar filin tana da matsala sai suka tsara gwaji. Suka lura! Mutane suna ta tafi.

Na je na gaya mata. Ta goge hannu a zani, ta wuce mai gadi kamar ba ta gan shi ba, ta shiga har gaban allon.

"Wannan hannun waye?" ta ce da Hausa, da ƙarfi. Ta ɗaga nata kusa da hoton. "Ina kansa? Kun ce ba ni da takarda, ba zan zauna a kujera ba. To hannuna takardar me yake da shi da ya shigo ya koyar da ku?"

Valentine ya fara cewa madam ɗin tana cikin waɗanda suka taimaka kuma ana godiya. Abigel ta miƙe daga kujerarta ta ce da Turanci, ba taimakawa ta yi ba, gwajin nata ne, kuma da an bi shawarar farko da yanzu ba zauren da za a zauna. Shugaban taron ya ce a bar wannan magana zuwa lokacin da ya dace, akwai baƙi. Ngo ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ku ci gaba da karatu," ta ce. "Amma ku sani kwalba ba ya magana. Sai wanda ya san abin da yake gani."

Ta fita, muka ɗora injin a akori-kura kafin a raba abinci.

Jerin ya fito, mutum goma sha ɗaya, babu ita. A cikinsu akwai wani Mahdi, ɗan unguwarmu, mai digiri, yaron kirki ne ba na ɓoyewa. Ya yi kwas na kwana biyar, ya sayi sabon inji, ya samu aikin bulon azuzuwa uku na wata makaranta mai zaman kanta da ke son allon. Ya yi gwajin kwalba kamar yadda ya gani a majigi, ya karanta shi ba daidai ba. Masu aikin suna sauri, ya ba su bulon kwana shida. Watan Agusta bangon gabas ya fara saɓulewa, wata Asabar kuma ya kwanta gaba ɗaya. Allah ya taimaka ba ɗalibi ko ɗaya. Ni aka kira in kwance katakon rufin.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ba wanda ya ce kwas ɗin ne bai isa ba. Cewa aka yi jan bulo ba shi da ƙarko. Maganar ta zaga har Farin Gada. Mutum biyu da suka riga suka ba Ngo aiki suka janye suka koma siminti, mata huɗu cikin tara suka koma ɗaukar kankare. Sunan da ta yi shekara goma sha biyar tana ginawa wani ya rusa shi da takardar da aka hana ta.

Bayan wata guda Mahdi ya zo Gada Biyu da ƙafarsa. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Mama, na yi kuskure. Ki koya mini." Na yi tsammanin za ta kore shi. Sai ta miƙa masa rariya ta ce ya je ya tankaɗe ƙasa tare da matan. Sati uku bai taɓa inji ba.

Abigel ta kai wa kwamitin ƙungiyar shawarar a yi wa masu sana'ar hannu jarrabawar baki da ta aiki, da Hausa. An ɗage maganar sau uku. Maimakon haka suka aiko wasiƙa za su ba Ngo lambar yabo a liyafar ƙarshen shekara. Ta sa jikarta ta karanta mata, ta ninke ta mayar wa ɗan aiken, ta ce ita jarrabawa ta nema.

Yadda ake ciki yanzu, duk aikin da ya zo musu ta jerin nan Mahdi ne ke karɓa, a filin Ngo ake matsa bulon, ita ke zaɓen ƙasa, ita ke cewa ya yi ko bai yi ba, sunansa kuma ake rubutawa a fom. Shi kansa kunya yake ji, yana faɗa wa duk wanda ya tambaya. Biyu daga cikin matan sun dawo. Ranar Talata na haɗu da Abigel a wani aiki a Rayfield, na tambaye ta ina aka kwana. Ta ce kwamiti ya zauna, an kafa ƙaramin kwamiti ya duba batun, kuma Valentine aka ba shugabancinsa.