Musun Malam Habibou da Kunnen Falalu

Duk wanda ya taɓa aiki a shagunan sari na Aubervilliers ya san Malam Habibou mutumin Tahoua. Ya tsufa yana ɗaure kwalayen takalma, bakinsa kuwa bai taɓa hutawa ba. Ni tare muke aiki, tare muke cin abincin rana a kan kwali, kuma ina cikin masu zuga shi.

Maganarsa ɗaya ce, kullum ita yake juyawa: lafiyar jama'a aikin gwamnati ne. A zuba kuɗi a asusu guda, wato Sécu, ta biya wa kowa komai. Kamfanonin mutuelle kuwa, masu cike abin da Sécu ta bari, ɓarayi ne masu kwat. Haushinsa shi ne doka ta tilasta wa mai shago ya sa ma'aikatansa a cikin mutuelle, ana yankar albashinsu. Yana wannan faɗan yana gyara tabarau ɗin da mutuelle ɗin ta saya masa. Mu dai dariya muke yi.

Yana da ƙane a Lyon, Falalu, wanda shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Falalu ya daɗe a wata masana'antar ƙarfe mai ƙarar tsiya, daga baya ya bari, ya sayi ƙaramar mota yana kai kaya da kansa. Da wa'adin mutuelle ɗin masana'antar ya ƙare, sai ya kira wansa, muna zaune. Habibou ya buɗe muryar wayar don mu ji. Bayan gaisuwa Falalu ya ce, "Yaya, ko in biɗi mutuelle da kaina? Mi ka gani?"

"Kai ma ka zama bawan kamfani? Kana da carte Vitale, katin Sécu, mi kake nema kuma? Ka bar su su ci kansu."

"To, Yaya."

Na tafa wa Habibou ranar, har na ce ya kamata a kai shi majalisa.

Daga nan duk Lahadi sai ya kira Lyon ya zuba lacca. Falalu ba ya cewa komai sai "To, Yaya, gaskiyarka." Ran Litinin Habibou ya zo yana taƙama ya sake kayar da ƙanensa. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa Falalu bai taɓa musu da wansa ba tun yana yaro. Abin da Habibou ya ɗauka hira ce, Falalu umarni ya ɗauke shi.

Bana matar Falalu, Zouera, ta haihu, na raka Habibou suna. Mun shiga gidan, Falalu na tsaye ya ba mu baya yana zuba shayi. Habibou ya kira shi, ya sake kira da ƙarfi. Bai juyo ba sai da wani ya taɓa kafaɗarsa.

Zouera ce ta ja mu gefe, idonta a ƙasa. Ta ce, "Yaya, kunnen nai ne, tun usine, masana'antar ƙarfen nan. Likita ya ce a sa mishi appareil, na'urar ji. Sécu kaɗan taka biya, sauran na mutuelle ne. Na yi magana har na gaji, ya ce ku kunka hana. Kwanan baya saura kaɗan tram, jirgin cikin gari, ta kwashe shi, bai ji ƙararrawa ba. Ko kukan jaririn ga ba ya ji."

Habibou ya cire tabarau ɗinsa ya riƙe a hannu. Ni ma kunya ta rufe ni, don tafin nan nawa Falalu ya ji shi, lokacin kunnen da sauransa.

Da baƙi suka ragu, Habibou ya je ya zauna kusa da ƙanensa. Babba bai saba roƙon ƙarami gafara ba, sai muryar ta fito ƙasa-ƙasa, kansa a sunkuye.

"Falalu, na cuce ka. Ka yahe mini. Gobe mu tai a yi maka mutuelle ɗin."

Falalu ya ga bakin wansa na motsi, ya yi murmushi.

"To, Yaya," ya ce. "Gaskiyarka."