Kanwar da ta ƙi jiƙa

Har yau ranar nan ba ta fita daga raina ba. Lokacin ruwa ne na ƙarshen shekarar 2021, kullum da yamma sai an sheƙa a Kuala Lumpur, kuma shekara ce da ta gajiyar da kowa. Korona ta hana tafiya gida, ta hana na gida zuwa. Daddawarmu ta ƙare, kuka ta ƙare, kanwa kuwa mun fi shekara ba mu sa ta a ido ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna yawan tambayata dalilin da ya sa muke kiran sarƙar nan tamu Kanwa. To ga yadda aka yi.

Maigidana yana karatu a jami'ar da ke Jalan Semarak, ni kuma ina shirya duwatsu a zare a wajen Anti Rifkatu, 'yar Jos, a gidanta na Sri Petaling. Ita ke sayo duwatsu, ita ke zana yadda sarƙa za ta kasance, ni nawa shiryawa da ɗaure ƙulli. Amma da biki ya tsaya sai ciniki ya tsaya. Wata rana ta ce mini, "Maman Ummi, in watan nan ma bai motsa ba, gaskiya zan rufe." Na ce Allah ya kawo mafita, na koma gidanmu na Sentul.

A makon ne aka buɗe baje kolin duwatsu a wani babban zaure, na farko tun da aka sassauta doka. Sai ga shi an killace Anti a gida saboda maƙwabciyarta ta kamu. Ta kira ni ta ce ni zan je. Ta maimaita mini ƙa'ida: dutsen gaske yana da sanyi a hannu, a ɗaga shi a haske, a duba hudar ko ta tsage. "Kuma ki samo mana abin da zai sa matanmu su sake ɗaga waya."

A ƙofa aka auna zafin goshina, na nuna wayata, na gyara takunkumi na shiga. Wayyo Allah! Teburi bayan teburi, ja da kore da ruwan zuma, wasu kamar alewa, wasu kamar ƙanƙara. Na riƙa dariya ni kaɗai a cikin takunkumi kamar yarinya ranar sallah. Na taɓa wannan, na ajiye, na koma na sake taɓawa.

Can a lungu sai na tsaya cak. Wani tsoho ɗan Cana ya tara wasu dunƙule-dunƙule a kwando, fari-fari da toka-toka, masu kaushi. Na matsa kusa. Kanwa! Akwai rubutu a jikin kwandon. Karatuna na ajin manya ne, a hankali nake haɗa baƙi, sai na karanta "gode". Na ce a raina, ai Baba mu ne da godiya. Ashe geode aka rubuta, sunan dutsen ke nan.

Kowace mace ta san da harshe ake gwada kanwa. To ga takunkumi, ga masu tsaro suna zagayawa, wa ya isa ya lasa kayan mutane a zamanin korona? Na ji ba ta da nauyi sosai, na ce ƙila kanwar ƙasar nan haka take. Na ɗauki hoto na tura zauren matanmu na waya, na rubuta: An samu kanwa.

Wayar ta kusa fashewa. Maman Favour, ɗaya daga cikin matan, ta turo murya tana ihu, "Maman Ummi, tapau, ƙunso mini biyu, abeg! Yau sai ɗanwake!" Wata ta ce ta riga ta ɗora ruwa. Anti ta kira ni ta bidiyo tana rawa a kan kujera. "Ke, na aike ki dutse kin samo mana abinci! Sayi, sayi, ko kanwar ce mu sayar mu rayu."

Na biya guda ɗaya, na yi wa tsohon alama da hannu ya farfasa mini, don a raba. Ya ce, "Boleh, boleh," wato zai yiwu. Ya ɗaura mata wata sarƙar ƙarfe, ya matse, sai ji na yi ƙwas. Ya buɗe ta biyu a tafin hannunsa. Ciki rami ne, cike da ƙananan duwatsu farare masu ƙyalli, suna walƙiya a hasken fitila. Na ɗago na dube shi. Da ɗan yaren Malay da na iya na tambaya a hankali, "Ankul, boleh makan?" Wato ana ci? Ya dafe teburi yana dariya har gilashinsa ya yi hazo. "Makan? Tak boleh lah, Kakak! Batu!" Wato ba a ci, dutse ne.

Ni kunya ta rufe ni, ina tunanin ruwan da aka ɗora. Amma Anti tana kan layi, ta daina rawa. "Matso da shi kusa. Yana da ƙanana, kamar goro?" Akwai, kwando guda. Ta ce ya fasa mana su bibbiyu, za mu naɗe su da siririyar waya mu rataya a sarƙa. Na tura hoton cikin dutsen zuwa zauren mata na ce a sauke ruwa. Aka yi ta tsokanata har yamma, ana kirana Sarauniyar Kanwa. Sai Maman Favour ta ce, "To tunda ba za a ci ba, a rataya mini biyun nawa a wuya." Daga nan kowa ya ce a sa da shi. Kafin in isa tashar jirgin ƙasa Anti ta turo mini saƙo: "Ba na rufewa. Ki zo da wuri ranar da aka sake ni."

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan ba ƙyalli kaɗai mutane ke saye ba. Matan nan kewar gida suka rataya a wuyansu, da dariyar da suka daɗe ba su yi ba. Kuma ku riƙa tambaya kafin ku tura hoto.

Washegari da safe, kafin yara su tashi, na jefa ɓari ɗaya a kofin ruwa, don dai zuciyata ta kwanta. Na share ɗaki, na dawo na duba. Yana nan yadda yake, bai narke ba, yana ta ƙyalli. Na tsame shi na goge da gefen zanena, na zauna na fara naɗa masa waya.