Kwana Uku da Na Ɓoye Pil ɗin Inna

Tun da wani zazzaɓi mai zafi ya kwantar da Inna, jinta ya yi ta raguwa, har ya kai sai an yi mata ihu. Shekara da shekaru ni ce kunnenta. Ni kaɗai na san yadda ake yi: a dafa kafaɗarta, a tsaya ta hagu, a bari ta ga bakin mai magana. A kasuwar Gaya, inda muke sayar da bandar kifi, in mai saye ya yi tayi da Dandanci ko Zabarmanci, ni take kallo. Ko baƙi suka zo gaisuwa ba na nan, sai ta ce su jira in dawo.

Ƙanwata, autarmu, tana aikin jinya a Dosso, sai da salla muke ganinta. Bara ta zo ta ce likitocin kunne sun sauka can, za ta kai Inna. Na ce mun gaji da yawo, kullum maganin ɗigawa ake ba mu.

Ta ce, "Yaya, ba a taɓa auna jinta ba. Wannan daban ne."

Kwana huɗu suka yi. Inna ta dawo da wata 'yar na'ura maƙale a bayan kunne. Tana saukowa daga mota ta ce, "Ashe haka garin nan yake da surutu!" Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, amma a baki ta tsaya.

Daga ranar Inna ke cinikinta da kanta, ni kuma ina gefe ina korar ƙuda. Duk wanda ya tambaya sai ta ce, "Autata ce ta buɗe mini kunne." Na ji kalmar nan har ta fara yi mini ɗaci. Ita kwana huɗu ta yi aka sa mata albarka. Ni fa?

Ana nan pil ɗin na'urar, wato batirinta, ya ƙare. Da ma ƙanwata ta bar mini wasu, ta ma nuna mini yadda ake canzawa, suna cikin kwallata ƙarƙashin zannuwa. Da Inna ta tambaya, sai na ce na manta inda na ajiye.

Kwana uku ta koma kallon bakina. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

A rana ta uku 'yata ta dawo daga makarantar allo da gudu, ta durƙusa gaban Inna ta biya mata sabuwar surar da ta haddace. Inna tana murmushi tana gyaɗa kai. Da yarinyar ta gama, Inna ta juyo gare ni a hankali ta ce, "Ta yi daidai?"

Na tashi na buɗe kwallar a gabanta, na ciro pil, na sa mata.

Ta gyara zaman na'urar, ta dube ni. "Kin gan shi ke nan?"

"Na gan shi, Inna."

"To, sauran pil ɗin ki ajiye su inda hannuna zai kai." Sai ta ce wa jikarta ta sake daga farko.

Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ba ta kuma gaya wa ƙanwata ba. Har yau in auta ta kira a waya, Inna kan shige ɗaki su daɗe suna hira da dariya, ni ina tsakar gida ina gyaran kifi, ina jiyo su.