Jazirar Baba Usaini

Ɗaso tana cikin kwaɓa ƙullun waina ta jiyo muryar Nora, 'yar Baba Usaini, ta bango. Tsakanin ɗakinta da na Baba Usaini bulo ɗaya ne, ko tari ba ya ɓuya.

"Abuya, khalas, ya isa haka. Mai gidan nan ya ce ko a sauke dabbobin nan daga saman bene, ko ya kira hukumar baladiyya. In suka zo, iƙama, takardar zama, za su fara tambayarka, ba sunan kunkuru ba."

"Ki gaya masa kunkurun ya riga shi zuwa unguwar nan ta Misfala."

"Kai dai kullum wasa."

"Wa ya ce miki wasa nake?"

Shekara goma sha ɗaya Ɗaso tana maƙwabtaka da tsohon nan, ta san labarinsa tsaf. A gidan zoo na Kano ya yi ƙuruciyarsa, shi ke bai wa kuraye nama, har yau shaidar haƙori tana hannunsa na hagu. Ya zo aikin hajji shekara talatin da suka wuce, jirgi ya koma babu shi. Ya yi dako, ya tura tsofaffin alhazai a keken guragu, ya binne matarsa, ya aurar da Nora, duk ba takarda.

Da kunkuru aka fara, wani alhaji ya bar shi cikin kwali a masauki. Sai zomaye biyu, sai kyanwa mai ido ɗaya, sai wani aku da bai iya komai ba in ban da "Tariƙ, ya hajj", irin na masu neman hanya a cunkoso. Na ƙarshe su ne tantabarun Harami masu karyayyen fiffike, goma sha bakwai, da yake tsintowa a bakin titi. Da aka rushe gidajen da ke kewaye, benen ya rage shi kaɗai a tsakiyar fili, 'yan unguwa suka sa wa samansa Jazira, wato tsibiri.

Mutane suna cewa tausayi ne. Ɗaso ba ta musa ba, amma ta lura ba ya ɗaukar dabbar da mai ita ke nema, sai wadda aka tafi aka bari. Ya taɓa ce mata, yana watsa alkama, "A garin nan ko tantabara ba a korar ta daga inuwa." Tun ranar ta gane tsoho ciniki ya ƙulla da Ubangiji: muddin bai kori kowa ba, shi ma ba za a kore shi ba.

Washegari da hantsi Nora ta zo da Turki, mai sayar da tsuntsaye, da motarsa don ya kwashe dabbobin. Ɗaso ta fito da waina a faranti, wai ta kawo wa baƙo.

Baba Usaini da kansa ya sauko da kunkurun, yana faɗa wa Turki kada a ba shi shinkafa. Ya sauko da zomayen, ya sauko da akun. Kyanwa ta bi ƙafarsa da kanta. Sannan ya tsaya a ƙofar matakala, ya dafa bango da hannu biyu.

"Saura tantabaru, ya ammi," in ji Turki, yana kiransa baffa da Larabci.

Nora ta juyo. "Inna Ɗaso, ki sa baki mana. In aka zo, har ƙofarki za a buga."

Gaskiya ta faɗa, Ɗaso ma ba ta da takarda. Ta dubi tsohon, ƙafafunsa ba su motsa ba. Sai ta ajiye farantin, ta je ta tsaya a gefensa.

Baba Usaini ya ce, "Waɗancan ajiya ce, na miƙa. Waɗannan kuwa baƙin Allah ne, ba nawa ba ne balle in sayar. Ku ce wa mai gida, duk wadda ta warke zan buɗe mata ta tashi. Wadda ba ta warke ba, tare za a same mu."