Kwanon da Ake Mayar wa Yaya a Nima

Ladan bai gama kiran asuba ba muka tashi daga Ikko, inda jirgin ƙasa ya sauke ni daga Kano. Hutun makaranta ne, amma ba yawo ya fitar da ni ba. Wani falken goro ne ya dawo daga Gana ya gaya wa Inna cewa yayata, wadda take aikin nas a wani asibiti a Ankara tun rasuwar mijinta, tana shirin ajiye aikin, kuma wai maƙwabta sun daina cin abincinta. Inna ta ce in je in gano abin da ta aikata. In abin kunya ne, in taho da ita gida.

Motar ta katako ce, bencinta kuwa da alama ba don mutum aka sassaƙa shi ba. Muka ratsa Dahome da Togo, teku na hagunmu, 'yan kwastan na kwance mana kaya a kowace iyaka. A Lome na fara cin dokunu, wato tuwon tsimammiyar masara, da soyayyen kifi. Tsaminsa ya sa na zaci ya lalace, sai da na ga kowa yana lashe yatsa.

Matar da ke kusa da ni Bayarabiya ce mai fataucin atamfa. Da ta ji dalilin tafiyata ta yi dariya, ta ce ita ma nas ce a da, a Ikko. Aikin dare ne ya kore ta, da kumburin ƙafa, da albashin da ba ya ganin ƙarshen wata. Na gyaɗa kai, amma idona na kan awarwaron zinariyar da ke hannunta. A raina na ce wataƙila ba da kanta ta bari ba.

A Ankara na shiga ƙaramar motar da suke kira torotoro, ta sauke ni kusa da Kawukudi, na ƙarasa Nima a ƙafa. Lunguna ne matsattsu, gidajen kwano da katako, ga wani ƙaton lambatu da ya raba Nima da Mamobi. Hausa ake yi ko'ina, amma a cakuɗe da wasu harsuna. Na tambayi wata mai sayar da wake da shinkafa gidan nas. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ɗan'uwanta ne? Allah ya ba ka haƙuri. Bi nan, ƙofar shuɗi."

Yaya ta rame, amma ta tarbe ni da murna. Da yamma ta yi tuwo da miyar kuka, ta zuba a kwanon sha mai murfi, ta aika gidan wata tsohuwa da ake kira Maman Zango, kamar yadda maƙwabta ke ciyayya. Ba a jima ba kwanon ya dawo. Na ɗaga murfin, ko yatsa ba a sa ba. Yaya ta ajiye shi gefe, ni kuwa kunya ta hana ni tambaya.

Washegari na lura da wani abu. Da ta dawo daga asibiti sai ta cire farin kayan, ta yafa mayafi, ta ɗauki wata jaka ta fita ta ƙofar baya. Na taɓa karanta labarin masu ɗauko maganin asibiti suna yi wa mutane allura a ɓoye. Rana ta gaba na bi ta daga nesa, ina jin kamar ɓarawo.

Gidan Maman Zango ta shiga. Na leƙa ta ramin kwanon katanga. Tsohuwar na zaune a kan turmi, ƙafarta da wani gyambo mai faɗin tafin hannu, Yaya na durƙushe tana wanke shi da ruwan gishiri. A jakar babu komai sai tsofaffin zannuwanta da ta yayyaga ta dafa.

"A hankali, 'yar nan, za ki kashe ni!"

"Mama, in na kashe ki wa zai riƙa mayar min da tuwo?"

Tsohuwar ta kau da kai.

A gida Yaya ta ce ta gan ni tun daga lungun farko, ɗalibi ba ya iya saɗaɗa. Sannan ta gaya min. Wani mai gadin asibiti ne ya ba da labari a unguwa cewa nas-nas ne ke shirya gawa kafin a kai ta ɗakin ajiya, mace ko namiji, Musulmi ko wanda ba Musulmi ba. Tun ranar kwanonta ke dawowa.

"Kowa da abin da ke korarsa," in ji ta. "Abokiyar aikina 'yar Saliyo mijinta ne ya gaji da kwana shi kaɗai. Wata 'yar Togo zagin babbar sista ne ya ishe ta. Biyu sun tafi Ingila. Ni duk wannan zan iya. Amma hannun da aka yarda ya taɓa ciwo, a ƙi yarda ya tuƙa tuwo? Kwano ne zai kore ni, ƙanena."

Ban iya magana a gaban mutane ba, sai na yi abin da na iya. Da aka dawo da kwanon, na ɗauke shi na zauna a ƙofar gida, daidai inda Maman Zango ke hangena, na cinye tas. Haka na yi kullum, ina gumi don kunya.

Ana gobe zan tafi, kwanon ya dawo a wanke, da goro biyu a ciki. Ban yarda ba. Na zagaya bayan gidan tsohuwar na duba lambatu. Ban ga tuwo ba, amma na ga akuya tana lasar baki. Na gaya wa Yaya.

"Goron dai ba akuya ce ta sa ba," ta ce, ta ɗauko dutsen guga ta hau farin kayanta. Ta ce za ta ƙara gani har bayan azumi.

Na dawo Kano da ciwon baya da gwangwanin baƙin yaji da Yaya ta soya wa Inna da hannunta. Na gaya wa Inna komai, har da gawar. Ta yi hamdala da babu abin kunya, sannan ta karɓi gwangwanin da bakin zane ta ɗora a kan kabad.

Abin da tafiyar ta koya min shi ne, ba wahalar asibiti kaɗai ke raba nas da aikinta ba, har da kallon da ake yi mata a gida. Ni kaina da zargi na tafi. Yanzu gwangwanin nake sa wa ido. Jiya da safe na ga sawun cokali a ciki, kuma ba nawa ba ne.