Tukunyar da Ta Harbe Ni a Cinya

A littafin aikina na soja an rubuta cewa tukunya ce ta ji mini ciwo. Da faransanci aka rubuta, da hatimi biyu a ƙasa. Ni lakwal ɗina a aji shida ya tsaya, amma wannan layin na haddace shi: rauni a madafa, sakamakon fashewar tukunya, ba a bakin daga ba. Likitan da ya tsaga cinyata ƙarfe biyu ya ciro. Na uku ya ƙi fita, yana nan, shi ke gaya mini damina ta kusa tun manoman Gafati ba su wasa hauya ba. Na taɓa tambayar masu zubin tukwane a kasuwa ko sun san tukunyar da ke harbin mutum daga nisan taku ɗari. Suka ce da sun iya irinta, da tuni sun bar zaman rumfa.

Ga yadda aka yi. Muna can gabas, bakin iyaka, wata takwas ba mu ga gida ba. Ni da mijin ƙanwata rana ɗaya aka ɗauke mu soja, shi ya sa muke ce wa juna Kalas. Mutumin Gidimuni ne, ta hanyata ya san ta, wannan ma laifina ne. Labari ya zo ta haihu, ɗan fari, namiji. A lokacin an rufe parmisiyo, ko uwarka ce ta mutu ba ka zuwa gida. Amma akwai abin da kowa ya sani a rundunarmu, ba a rubuta shi ko'ina ba, muna ce masa musanya. In suna ya same ka ko rasuwa, sai ka nemi wanda zai tsaya a gurbinka, ka je ka gai da lajidan, hafsan da ke riƙe da takardar aiki, ka ɓace kwana biyar. Sunanka na nan a takardar aiki kamar ko fitsari ba ka fita ba. Lajidan ba ya karɓar komai sai cinyar ragon suna, soyayya. Mutum ne mai tsoron Allah.

A wannan makon ni aka sa a madafa, shi kuma a sintiri. Ya same ni ina tsince shinkafa.

“Yaya,” ya ce. In ya bar Kalas ya koma Yaya, to buƙata ce. “Ɗanka ne fa. Sintirin nan ba komai ba ne, zagaye ne a sha iska a dawo.”

Na miƙa wa wani ludayi, na ɗauki bindiga, na hau kamiyo, babbar motar sintiri, da sunansa.

Rana ta uku da hantsi motar gaba ta taka nakiya, aka buɗe mana wuta daga cikin ƙaya. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban ga komai ba. Na tsinci kaina a ƙasa, bakina cike da yashi, ƙafata ta hagu kamar ta aro. Ina jan ciki zuwa bayan taya sai na ci karo da kapiten ɗinmu kwance, ya tare mini hanya. Tsallake shi ya fi jan shi wuya, sai na kama ɗamararsa na ja. Daga bayan taya na yi ta harbin wani kurmi har harsashi ya ƙare. Ko da mutum a ciki, ko babu, Allah ne masani. Mutum biyu muka rasa ran nan.

A asibiti lajidan ya zo duba ni. Ya zauna bakin gado yana murza hula.

“Akwai matsala,” ya ce. “In na rubuta kana can, sai na rubuta mijin ƙanwarka yana ina. In na rubuta shi yana ina, sai a tambaye ni ni ina nake. Takarda ta ce kana madafa. Me ke ji wa mutum ciwo a madafa?”

Na ce wuƙa.

“Wuƙa ba ta barin ƙarfe uku. Tukunya dai. Ka yi haƙuri, in abu ya lafa za a gyara.”

Kapiten ya farfaɗo a Yamai, ya ce a nemo sojan da ke zaune a bayan kamiyo ta hagu a ba shi lambar yabo. Aka duba takarda. Haka aka maƙala wa Kalas minda a ƙirji, ga busa ga ganga, bakinsa bai gama bushewa daga man rago ba. Rahoton ya ƙara da cewa ya yi wannan aiki duka ko ƙwarzane bai samu ba. Ni kilishi ya kawo mini, rabin ƙunshi.

Na yi shiru har muka yi ritaya, saboda ƙanwata. Abin da ya tayar da ni majalisarmu ce ta Zango. Ina tafe ina ɗingishi sai ka ji wani tela ya ce, “Komandan, yau da wace tukunya aka gwabza, ta miya ko ta tuwo?” Sannan ranar defile, wato faretin soja, waɗanda suka ji rauni a daga su ke zama cikin rumfa a kan kujera. Na je na zauna, sakataren ƙungiyarmu ta tsofaffin soja ya zo da littafinsa ya ce in yi haƙuri, ciwon madafa a rana yake tsayawa. Sau da yawa na ce ba mindar nake so ba, layi ɗaya kawai nake nema da zai ce ina wurin. To, ƙarya nake, ina son mindar. Amma layin ya fi ci mini rai.

Na buɗe dosiye a biron gyaran takardun tsofaffin soja. Mai biron wani matashi ne mai tabarau, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma bai taɓa ce mini e ba. Ya ce sai shaida. Na rubuta wa kapiten, ya zama kanal yanzu. Ya amsa da ladabi cewa yana tuna hannu ya ja shi, amma bai ga fuskar hannun ba. Na je wurin lajidan, na tarar ya dawo hajji ya bar gemu, ya ce mumini ba ya tone-tone. Ba a jima ba ya rasu, aka tona masa kabari. Na hau mota har Takieta na nemo wanda na bar wa ludayi. Ya rantse a rubuce cewa duk zamansa a madafa ko murfi bai taɓa tsagewa ba. Mai tabarau ya karanta, ya gyaɗa kai.

“Baba, shaidar nan tukunya ta wanke, ba kai ba. Abin da ya rage ɗaya ne. Shi mai mindar ya sa hannu cewa ba ya wurin.”

Na ɗauki takardar na nufi Gidimuni, ina shirin faɗa tun daga tasha. Na same shi a garka ƙarƙashin dabino, mutane sun kewaye shi, yana ba da labarin. Ni na ba shi labarin nan a gadon asibiti, amma wallahi ya fi ni iya shi. A bakinsa kapiten a kafaɗa aka ɗauke shi, kurmin nan kuwa mutum bakwai ne a ciki. Har ni na tsaya saurare. Da ya hango ni ya sallame su, ya ja ni bakin rijiya.

Na miƙa masa takardar. Na ce, “Ka san abin da ke ciki? Za a ce ka gudu daga aiki. Za a karɓe mindar.”

Ya leƙa hagu da dama. “Yaya, kana da abin rubutu?”

Na laluba aljihu na miƙa masa.

“Allah ne ya kawo ka,” ya ce. “Tun da aka karanta musu cewa ko ƙwarzane ban samu ba, garin nan ya yarda ƙarfe ba ya cina. Da masu neman laya ne kawai, ina ba su haƙuri. Yanzu ɓarayin shanu sun addabi ƙauyuka, an kafa ƴan sintiri, jiya dattawa suka ce ni zan shige gaba tun da harsashi ba ya kama ni. Kalas, ni ko ƙaya ta soke ni sai na yi mako a kwance.”

A kan gwiwarsa ya sa hannu, har wuri biyu, ɗaya ma ba a nema ba. Ƙanwata ce ba ta ɗauki abin da sauƙi ba. Ta ajiye mini ruwa ba ta durƙusa ba.

“Yaya, sai yanzu da furfura? Shekara nawa ana ce mini matar jarumi a wurin biki, ni ake fara zuba wa. Kai me za ka yi da ita, a cinyar za ka rataya?”

Har yau in na buga waya kashewa take.

Amsa ta zo bayan damina biyu. Mai tabarau ya miƙe tsaye ya karanta mini. Na ɗaya, an karɓe minda daga wanda ba ya wurin. Na biyu, ba za a ba ni ba, don ana ba da ita ne ga sojan da aka tura, ni kuwa ba wanda ya tura ni. Na uku, tun da ya tabbata na bar madafa na shiga faɗa ba da izini ba, har na ji rauni a bakin daga, an yanke mini kaso na kwana goma sha biyar.

Na ce ya maimaita na ukun. Ya maimaita. Na ce ya ƙara.

Na kai aka lulluɓe takardar da roba, na wuce da ita wurin sakataren ƙungiya. Ya duba ya ce ai wannan horo ne. Na ce karanta da ƙarfi, daga “bakin daga”. Ya karanta, sannan ya ce horon da ba a zartar ba ana iya soke shi, in kuwa aka soke shi, layin ya tafi tare da shi.

Washegari na naɗe tabarma, na ɗauki buta, na tafi ƙofar bariki. Na ce wa mai gadi na zo yin kwanakina goma sha biyar. Ya kira sarjan, sarjan ya karanta, ya sara mini, ya ce ba a kulle farar hula a nan sai da izini daga sama. Na tambaye shi a ina ake neman izinin. Ya kwatanta mini biron, na ce na san shi. Na buɗe sabon dosiye ran nan kafin azahar, kuma na gaya wa mai tabarau wannan karon ba na son a rage mini ko kwana ɗaya.